Tsohuwar kwamfuta mai disket: a gyara lektar ko a sa mata Gotek?

Lawali Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Masu gyara, ina neman shawara. Muna kwashe kayan kawuna, Allah ya jiƙansa, sai muka ci karo da kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe, Amstrad CPC 6128, da talabijin ɗinta da kwali guda na disket. Daga Faransa ya zo da ita lokacin da ya je ƙaro ilimin malanta. Na haɗa ta, ta kama, rubutu ruwan ɗorawa a kan shuɗi. Amma in na sa disket na rubuta umarnin CAT don in ga abin da ke ciki, sai in ji wani abu na gurnani a ciki, can sai ta ce "Drive A: disc missing". Disket ɗin ma ba irin wanda muka sani ba ne, ya fi tsawo kuma ya fi kauri. A jikin wasu ya rubuta Tibiri, Madarunfa, Jiratawa da hannunsa. Inna ta ce shekaru ya yi yana bin tsofaffi yana rubuta karin magana da tarihin garuruwa. Abin da nake so in ceto ke nan.

Sabi'u Ɗan Kasuwa:
Lawali, ka miƙa wa 'yan gwangwan ka sayi kati. Wayar da ke aljihunka ta ninka ta nesa ba kusa ba.

Malam Isuhu Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta wa Malam. Sabi'u, ba a tambaye ka kuɗinta ba.

Ɗana Lawali, kada ka ƙara sa wani disket ciki sai an buɗe ta. Gurnanin da kake ji 'yar motar lantarki ce ta ciki, lafiyarta lau, tana juyawa ita kaɗai. Tsakaninta da abin da ke juya disket akwai bel na roba, siriri, faɗinsa bai wuce milimita 3 ba. Injin wanga ya fito a 1985. Robar da ta kwana kusan shekara arba'in, ga zahin Maradi a cikin akwatin ƙarfe, ko dai ta saki ko ta narke. In ka buɗe za ka tarar da ita baƙa ƙirin, ta liƙe a jikin ƙarfen, in ka taɓa ta bi maka yatsa. Sai an sa alkol da auduga an goge sarai kafin a sa sabo, in ba haka ba sabon ma zamewa zai riƙa yi.

Abu guda nake jan kunnenka a kai. In an ɗaga farantin da ke ƙarƙashin lektar, wato ɓangaren da ke karanta disket, akwai wani ɗan tsinken ƙarfe ƙarami da ke faɗowa. Shi ke gaya wa injin ko an kulle disket ko a buɗe yake. In ya faɗa cikin yashi, shi ke nan. A shimfiɗa farin ƙyalle a yi aikin a kansa.

Injiniya Nasiru:
Baba Isuhu ya gano ciwon, ban ja ba. Amma ni ban ga amfanin kashe lokaci a kan lektar mai inci 3 irin ta wannan injin ba. Hitachi da Matsushita da Maxell ne suka fito da wannan samfuri, bai karɓu ba, mai inci 3.5 na Sony ya cinye kasuwa. Shi ma mai inci 3.5 ɗin, Sony ya daina yin sa tun 2011. Gwamnatin Japan da ta fi kowa riƙo da shi ta soke dokokin da ke tilasta amfani da shi a 2024. To ina ga mai inci 3? Ko an gyara lektar, ina za a samu sabon disket?

Abin da duniya ke yi yanzu shi ne Gotek. Ɗan akwati ne daidai girman lektar mai inci 3.5, bayansa fil 34 irin na lektar, gabansa ramin kile (filas) na USB da maɓalli biyu da ɗan allo mai lamba uku. Babu abin da ke juyawa a cikinsa. Kwamfuta tana zaton lektar ce, shi kuma yana ba ta abin da ke cikin kile. Ana cire manhajar da ya zo da ita a sa masa FlashFloppy, wadda Keir Fraser ya rubuta kuma kyauta ce, ko HxC ta Bafaranshen nan Jean-François Del Nero. Kowane disket sai ya zama fayil guda, na Amstrad ana ce masa DSK. Gefe guda na disket ɗin Lawali KB 178 yake ɗauka. Kwalin nan gaba ɗaya bai kai hoto biyu uku na waya ba.

Malam Isuhu Mai Rediyo:
Injiniya, to madalla. Na ji karatu. Tambaya guda: rubutun marigayi da ke cikin kwali, ta wace ƙofa zai shiga Gotek ɗin naka?

Injiniya Nasiru:
Sai an karanta disket ɗin tukuna.

Malam Isuhu Mai Rediyo:
Da mi?

Abdu Piyano:
Hahaha. Injiniya, Baba ya kama ka.

Lawali Zariya:
Akwai wani abokina mai lektar ta USB, irin wadda ake haɗawa da laftof. Ba za ta yi ba?

Injiniya Nasiru:
Ba za ta yi ba. Da farko ma disket ɗinka ba zai shiga bakinta ba. Kuma ko da mai inci 3.5 ne, waɗannan na USB tsarin PC kawai suka sani, KB 720 da MB 1.44. Ka ba su disket ɗin kwamfutar Amiga mai KB 880 ko na tsohon Macintosh mai KB 800, sai su ce babu komai a ciki, har su nemi ka yi masa fomat. Nan ne mutane ke goge abin da suka zo ceto.

Baba Isuhu, na yarda a sa bel. Amma daga an kwashe abin da ke ciki, a cire lektar a sa Gotek a gurbinta.

Malam Isuhu Mai Rediyo:
Don mi za a cire ta? Kai yaran zamani, hannunku na ƙaiƙayi. Ramin lektar mai inci 3 ba daidai yake da Gotek ba, sai an yanka roba ko an yi masa wani gida. Wayar ciki fil 26 ce, taka 34, sai an samo mahaɗi. Ga babbar matsala: a wayar wuta ta cikin Amstrad, bolt 5 da bolt 12 a juye suke, ba kamar na PC ba. Bakin kuwa iri ɗaya, yana shiga ba gardama. Gotek bolt 5 yake ci. Wanda bai sani ba ya soka, ya kunna, sai warin ƙuna. Injin da ya kai yau ba a taɓa kwance shi ba, ba ni son a fara da wuƙa.

Mushe Habu:
Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Na san marigayi, mun koyar a lakkwal guda, mutum ne mai tsari, ko alli ba ya yarwa. Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma ban ga abin faɗa ba. Ai 6128 tana da ƙofar lektar ta biyu a bayanta. A bar ta ciki a matsayin A, a ɗaura Gotek ta waje a matsayin B, a ba shi wutarsa daban. Sai a kwafa daga A zuwa B. Lawali, duba kwalin, in akwai disket mai rubutun CP/M Plus, a cikinsa akwai DISCKIT3, aikinsa ke nan kwafar disket. Tun da daga Faransa take, madanninta AZERTY ne, don haka inda littattafan Ingila ke sa doguwar sanda kafin umarni, kai ù za ka buga. Ka rubuta ùCPM don CP/M ta tashi, haka kuma ùB in kana son komawa lektar ta biyu.

Injiniya Nasiru:
Mushe, wannan ita ce magana. Na janye wuƙata.

Ga wanda bai samu Gotek ba, ana iya ɗaura lektar PC mai inci 3.5 a wannan ƙofa, sai dai akwai aiki. Fil 34 ɗin iri ɗaya ne a ido amma ba magana ɗaya suke yi ba. Tsofaffin injuna, Amstrad da Amiga da sauransu, sun bi tsohon tsarin kamfanin Shugart: a fil na 34 suke jiran lektar ta ce ta shirya. Lektar PC kuwa a wannan fil ɗin take sanar da cewa an canza disket. To sai kwamfuta ta yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba. Dabarar da aka saba a Amstrad ita ce a haɗe 33 da 34, kullum ta ga a shirye. Illarsa, in babu disket a ciki sai ta tsaya cak tana jira. Sannan Amstrad gefe guda take karantawa, shi ya sa ake juya disket ɗinta da hannu. Mai inci 3.5 ba ya juyuwa, don haka ana sa makunni tsakanin 31 da 32 a riƙa zaɓar gefe. Amiga tata ta fi wuya: tana son "na shirya" a 34, "an canza disket" a fil na 2, kuma lektar ta amsa a matsayin ta farko, alhali na PC daga masana'anta a ta biyu ake saita su. Shi ya sa faffaɗar wayar PC ke da murɗe a tsakiya, daga waya ta 10 zuwa ta 16. Tsofaffin lektar suna da jampa, ɗan mahaɗin da ake zarewa a canza masa wuri, na baya-bayan nan sai an sa dalma.

Da FlashFloppy maganar fil na 34 da na 2 layi guda ne a cikin fayil mai suna FF.CFG.

Hajiya Mariyama Mai Surfani:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda an taɓo inda ke yi mini ciwo. Ni ba kwamfutar tarihi gare ni ba, keken surfani ne mai kai huɗu, na hannu na saye shi, kuma da disket yake cin zane. Wanda yake so mai rami ɗaya ne, ya ɓace a kasuwa. Yarana sai su samo mai rami biyu su liƙe ɗayan da salatif. Yana yi, amma ba amana. Zanen wuyan riga da aka sa yau, in aka ajiye shi wata biyu aka dawo, sai keke ya yi ƙara ƙirr ƙirr ya ƙi. Azumi na tafe, malum-malum sun fara taruwa, ga masu anko. Injiniya, abin naka zai hau kekena?

Injiniya Nasiru:
Hajiya, barka da aiki. Mai rami ɗaya shi ne na KB 720, mai biyu na MB 1.44. Salatif yana ruɗin lektar ne kawai, bai canza abin da ke ciki ba. Shafen maganaɗisun mai rami biyu ya fi tauri, yana son a rubuta masa da ƙarfi daban. Kamar rubutu ne a allon da ba a shafa wa koya ba, za ka gan shi yau, gobe ya dushe.

Gotek na hawa irin waɗannan kekuna, asali ma don injunan masana'antu da kekunan surfani da piyano aka fi sayen sa, masu tsofaffin kwamfutoci daga baya suka gano shi. Amma kada ki aika a sayo kafin a buɗe keken. A duba wayar ko fil 34 ce ko siririya mai 26. A duba ko fayil ɗin zanen irin DST ne a kan disket mai tsarin PC, domin wasu kekunan tsarin kansu gare su. Kuma wanda aka saita a 1.44 ba zai yi wa keke mai son 720 aiki ba.

Hajiya Mariyama Mai Surfani:
DST ne, wannan na sani, shi mai zanenmu ke turowa ta WhatsApp. Amma ba za a taɓa mini keke ba sai bayan Salla. In ya tsaya a goman ƙarshe, ina zan sa kaina da matan gari?

Malam Isuhu Mai Rediyo:
Hajiya ta fi ku hankali duka. Kafin nan, Hajiya, a sa yaro shi kwashe zanen da ke cikin disket ɗin zuwa laftof, lektar ta USB na iya karanta naki in tsarin PC ne. A riƙa rufe bakin lektar da ƙyalle, ƙurar hunturu da burbushin zare su ne ajalinta. Kuma a raba kwalin disket da sifika, na san shagon ɗinki ba ya rabo da kiɗa.

Abdu Piyano:
Hajiya, kada ki ji tsoro. Piyanona Yamaha PSR ce mai disket, duk kiɗan biki da na ɗora tun ina yaro a ciki yake. Na sa Gotek ban ma canza masa manhaja ba. Kile guda ana raba shi ya zama disket ɗari, daga 000 zuwa sama, ka danna maɓalli ka wuce na gaba. Matsalar kawai, lamba ba ta gaya maka abin da ke ciki. A tsakiyar biki amarya na jira kai kana neman 047 ne ko 074. Takarda na liƙa a jikin piyanon.

Injiniya Nasiru:
Abdu, sa FlashFloppy ka canza allon lambar da ɗan allon OLED, sunan fayil zai riƙa fitowa. Wayoyi huɗu ne. In za ka sayi sabo ka tambayi abin da ke cikinsa: na da STM32F105 ne, daga 2021 da aka yi ƙarancin kayan lantarki suka koma na Artery. Mai AT32F435 ya fi mai AT32F415 ƙarfi da wurin ajiya.

Sabi'u Ɗan Kasuwa:
Ni fa har yanzu ban gane ba. Duk wannan wahala don a kunna injin da ko hoto ba ya nunawa? Na ga yara na buga wasannin da a waya ba tare da wani tsohon ƙarfe ba.

Mushe Habu:
Sabi'u, rabin maganarka daidai ne. In an samu fayil ɗin DSK, akwai manhajoji irin su WinAPE da Caprice32 da ke kwaikwayon Amstrad a laftof, a buɗe rubutun, a kwashe, a buga a takarda. Amma tsofaffin da marigayi ya zauna da su a Tibiri babu ko ɗaya da ya rage. Abin da suka faɗa masa yana cikin kwalin nan, kuma babu wayar da za ta karanta shi.

Abin da nake ɗokin gani shi ne yadda ya yi da ɗ da ƙ da ɓ. A zamaninmu injin ba shi da su. Wasu su sa waƙafi a gefen harafi, wasu mu buga a takarda mu bi da biro muna lanƙwasa kawunan. Amma yaren BASIC na Amstrad na da umarnin SYMBOL da mutum ke zana harafinsa da kansa, kuma na san halinsa, zai iya kwana a kai. In haka ya yi, rubutun zai fito da baƙin alamomi a laftof. Kada wani ya ce ya lalace, musanya su kawai za a yi.

Lawali Zariya:
Ga labari. Na kai wa Baba Isuhu, kamar yadda ya faɗa haka muka tarar, bel ya zama kwalta. Bai yarda da robar ɗaure kuɗi da na kawo ba, ya ce disket sau 300 yake juyawa a minti, roba mai miƙewa ba ta riƙe wannan. Cikin tarkacen rediyon kaset ya samo mai faɗi daidai. Ya goge kan karatu da alkol, ya sa na tura makullin kowane disket don kada a rubuta komai bisa kuskure, sannan muka fara da na wasa. Ya buɗe! Na Tibiri ma ya nuna sunayen fayil. Na Madarunfa da wani guda sun ce "read fail". Na so in sake gwadawa, Baba ya buge mini hannu.

Malam Isuhu Mai Rediyo:
Na buge shi, kuma gobe ma haka. Na tura murfin na Madarunfa na haska da tocila, akwai tabo fari-fari a kan faifan, alamar ya sha laimar damina. Duk juyi guda kan karatu na kankare shi, kuma dattin da ya kwaso shi zai shafa wa na gaba. Waɗanda sunka buɗe a kwafe su sau guda a ajiye. Biyun nan a bar su.

Injiniya Nasiru:
Biyun nan aikin Greaseweazle ne, shi ma na Keir Fraser. Ɗan faranti ne da ke shiga tsakanin lektar da laftof. Ba ruwansa da fayil, motsin maganaɗisun kansa yake ɗauka, da'ira bayan da'ira, ko da wani wuri ya ɓaci. Sai a zauna a kan kwafin a tsinci abin da ya tsira. Amstrad in ta ci karo da wuri ɗaya da ya lalace tsayawa take, shi kuwa wucewa yake. Zan sa a haɗo shi da Gotek ɗin. Wa ke da mai zuwa Kano ko mai karɓar saƙo a Katsina?

Sabi'u Ɗan Kasuwa:
Yarona na bin hanyar Ɗan Isa duk mako. Ku ba ni sunan abin a rubuce, kar ya dawo mini da caja.

Abdu Piyano:
Ashe ɗan gwangwan ya tuba.

Sabi'u Ɗan Kasuwa:
Ban tuba ba. Kuɗin mota zan caje ku.

Mushe Habu:
Tunda ana haɗa saƙo, Injiniya, ni ma ina da tsohuwar kwamfutar PC 486 a ɗaki, da manhajar DOS 6.22, sakamakon ɗalibaina na shekaru yana ciki. Babban faifanta ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya tashi.

Injiniya Nasiru:
Mushe, kada ka sake kunna ta sai ranar da za mu kwashe. Maganinta katin CompactFlash da ɗan mahaɗinsa zuwa IDE, wayar babban faifan, mai fil 40. Katin da kansa yaren IDE yake ji, mahaɗin wayoyi ne kawai. Kada a sayo babba: yawancin BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta) na kafin 1994 ba sa ganin sama da MB 504, shi kuma DOS 6.22 ba ya riƙe ɓangaren da ya wuce GB 2. Na MB 256 ko 512 ya ishe ka, masu tsofaffin kyamarori na ɗaukar hoton biki kan samu. In an yi fomat ya ƙi tashi, umarnin FDISK /MBR ne ke warware shi.

Abin da ya fi damuna batirin da ke kan babban farantin. In irin mai kama da 'yar ganga ne, shuɗi ko kore, yana yoyo ya cinye layukan tagulla da ke kusa da shi. Buɗe murfin ka duba ko akwai kore-kore a gindinsa. In akwai, Baba Isuhu ya yanke shi ya wanke wurin da binigar.

Mushe Habu:
Na duba. Shuɗi ne, kuma ƙafarsa ɗaya ta yi gari.

Malam Isuhu Mai Rediyo:
Kawo ta gobe bayan la'asar, akwatin kawai, bar talabijin ɗin a gida. Kafin in sa almakashi za mu shiga BIOS mu rubuta lambobin faifan a takarda, silinda nawa, kai nawa, yanki nawa. In sun goge ba mu da su, faifan na iya ƙin buɗewa ko da lafiyarsa lau. Ka zo da biro.